Nauyin Baban Biyu

"Malama, kama ƙafar nan! Ita ce ta tokare!"

Mai gadin gidanmu ne yake daka min tsawa, mutumin da ko gaisuwa ba ya yi min sai ya rusuna. Ya rungumo maƙwabcinmu Baban Biyu ta hammata, ni da matarsa muna riƙe da ƙafafu, muna kokawar cusa shi cikin motarsa. Ƙofar a wangale take, amma an gicciya mata bututun ƙarfe biyu, sai da muka ɗaga shi muka tsallakar kamar buhu. Ciki kuma babu inda za a kwantar da mutum. Ba kujerar baya, ba ta mai zaman banza, ba kafet. Ƙarfe ne tsirara, da kawunan notuna, da wayoyi a ɗaɗɗaure.

Ya yi amai a gaban rigarsa, ya kuma ɓata wandonsa. Warin ya gauraya da na fetur da zafin ƙarfen da rana ta gasa. Na riƙe numfashi.

"Baban Biyu, ka buɗe ido. Don Allah ka buɗe ido," in ji matarsa. Ta cire mayafi ta naɗe ta tura masa ƙarƙashin kai, ta durƙusa a gefensa a kan ƙarfen.

Mijina ya yi tafiya da motarmu. Unguwarmu kuwa a ƙarshen gari take, kafin ka samu abin hawa sai ka taka har babban titi. A duk gidan ni kaɗai na iya tuƙi. Na tattare zani na tsallaka, na faɗa cikin kujera ɗaya tilo da ta rage, wata aba mai zurfi kamar bahon wankan jariri, ta matse min ƙugu. Na kai hannu zan kama sitiyari, na kama iska.

"Ina sitiyarin?"

"Wayyo, yana ɗaki! Cire shi yake yi."

"Cire shi yake yi?"

"Yana kan durowa kusa da gado. Baba mai gadi, yi sauri!"

Haka na zauna, mutum yana shure-shure a gefena, ina jiran a ɗauko sitiyari daga ɗakin kwana.

Da can motar nan mota ce kamar ta kowa. A cikinta yake kai 'yan biyunsa mata makaranta, wani lokaci ya rage min hanya zuwa firamaren da nake koyarwa. Yana da shagon buga kati da kalanda da rubutu a jikin riga. Ƙato ne, mai tarin wuya, idan yana dariya har tumbinsa sai ya taya shi. Ba shi da abokin faɗa. Wata rana wani kwastoma ya gayyace shi kallon tsere a tsohon filin jirgin da ke bayan gari, inda masu hali suke haɗuwa ranar Asabar da motocinsu. Kowa ya fita shi kaɗai a kama masa lokaci, wanda ya fi saurin kaiwa shi ya ci. Kallo ya je, ya dawo da ciwo.

Salansar hayaƙi ya fara canza wa motar, ya sa wata mai bakin kwano, idan ya tayar da ita kofunan kicin ɗina sai sun yi rawa. Ya canza shokazoba, motar ta durƙusa har ƙirjinta na neman taɓa ƙasa. Ya sayo faffaɗan tayoyi masu santsi, ya canza birki. Mai walda ya kwana biyu yana feshin wuta a tsakar gida yana haɗa mata kejin ƙarfe a ciki, wai ko ta kifa ba za ta danne shi ba. Daga nan aka shiga cire-cire. Kujeru, kafet, rediyo, na'urar sanyi, safaya, har gilasan gefe ya cire ya manna roba.

"Malama, nauyi shi ne abokin gabar gudu," ya ce da ni, yana ɗaga wani ƙaramin murfin roba kamar ya kama ɓarawo. "Kin ga wannan? Ba ya aikin komai, sai zaman cin fetur."

"Yaran fa? A ina za su zauna?"

"Motar makaranta don me aka yi ta?"

Da motar ta canza, baƙi ma suka canza. Shugaban ƙungiyarsu, wanda suke kira Ciyaman, wani siriri ne mai baƙin tabarau, turarensa yana riga shi shigowa. Shi da mutanensa suke baje kan kujerar bayan da aka jingina a jikin bango, su miƙe ƙafa, su ce, "Madam, ruwan sanyi!" kamar sun shigo otel. Su tofar da yawu inda yara ke wasa. In fitsari ya kama su, sai bayan tagar kicin ɗina. Su suka raɗa masa suna Tanka, shi kuma yake amsawa da murna kamar an ba shi sarauta.

Ya sha fita tseren, kullum yana can ƙasa-ƙasa. Wata Asabar da yamma suka dawo, ina wanke-wanke ina jin su. Ciyaman ya tashi ya zagaya motar, ya leƙa ciki, ya dawo ya ɗaka wa tumbin Baban Biyu duka da tafin hannu.

"Ka cire kujera, ka cire safaya, ka cire rediyo, sannan ka bar mana buhun siminti biyu a gaban sitiyari. Tanka, motarka lafiyarta ƙalau. Kai ne lodin."

Suka kwashe da dariya, wani har da faɗowa daga kujera. Tasa dariyar ta fi ta kowa ƙarfi. Amma da suka tafi na hango shi ta taga, tsaye shi kaɗai a gefen motar, ya damƙi naman cikinsa da hannu biyu yana kallo.

Daga ranar ya juya wa jikinsa. Ya daina cin abincin gidansa. Ya koma wani shayin wankin ciki mai ɗaci, safe da yamma. Bangon bayan gidansu da namu ɗaya ne, abin da kunnena ya ji a watannin nan ba zan so wa maƙiyina ba. Da tsakar rana sai ya naɗe jikinsa da leda, ya ɗora riga mai kauri, ya shiga motar ya rufe. Idan ya fito ya kwance ledar, gumi ya tsiyaye ƙasa kamar an matse tsumma, ya hau sikeli da gajeren wando a gaban kowa. Fatar damtsensa ta saki tana lilo. Bakinsa ya fara wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar na ruɓaɓɓen lemo, idan zai gaishe ni sai na ɗan karkata fuska.

Maman Biyu ta shigo wurina da kwano a rufe, ta ajiye ta zauna.

"Malama, ki ba yaranki, kada ya lalace. Ko kallonsa bai yi ba."

"Kin yi masa magana?"

"Na yi har na gaji. Yanzu ma wata ƙwaya Ciyaman ya kawo masa, ta sa fitsari. Wai tana zuƙe ruwan jiki. Idan ya tashi tsaye sai ya dafa bango."

Na tare shi a bakin ƙofa. Na ce, "Baban Biyu, ka ji tsoron Allah. Jikin mutum fa ba mota ba ne."

Ya washe baki, haƙoransa sun yi masa yawa a fuska. "Duk ɗaya ne, Malama. Bodi ne da inji. Ki bari a yi babban tseren nan, ranar zan ci abincin wata uku a zama ɗaya, ke ma sai kin dafa min."

Ranar babban tseren ce muke cusa shi a mota. Da safe ya ninka ƙwayar. Ya sa hular kwano don ya gwada, ya sunkuya zai ɗaure takalmi, ya kife.

Mai gadi ya kawo sitiyarin da gudu, muka yi ta juya shi har ya ce ƙas ya zauna. Kulocin kamar kana taka dutse. Na saki, ta yi tsalle ta mutu. Na sake tayarwa, ta yi wata ƙara kamar za ta tsage gidan, ta sake mutuwa. A na uku muka fita. Tagogi ba sa sauka, roba ce a manne. Warin ya rasa hanyar fita, ya dawo ya zauna min a maƙogwaro. Wata akuya ta gitta, na danna tsakiyar sitiyari, shiru. Hon ɗin ma ya cire.

A bakin layinmu akwai tudun siminti da aka yi don rage gudu. Na hau a hankali, sai na ji ƙuuu, ƙirjin motar ya zauna a kai, tayoyin gaba suna juyawa a banza. Na buɗe ƙofa ina ihu a taimaka. Samarin da ke zaune a shagon cajin waya suka taso, amma kafin hannu ya kai ga mota, wayoyi sun riga sun ɗagu.

"Kai, ku zo ku ga mace a motar Tanka!"

"Hajiya, ba ta wuta mu ji!"

"Mutum ne a ciki yana mutuwa, marasa tarbiyya!" na ce. Ɗaya ya leƙa, ya ja baya yana toshe hanci. Sai wani tsoho mai facin taya da wasu leburori biyu ne suka sa kafaɗa suka turo mu, wani abu ya karce a ƙasa har haƙorana suka amsa.

Da muka hau babban titi na taka totur. Gaskiya ɗaya ce, motar ta tashi. Bayana ya manne da kujera, shaguna suka zama zane. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, ga Maman Biyu a durƙushe ba abin riƙewa, duk kwanar da na sha sai ta bugu da ƙarfe, tana tare kan mijinta da cinyarta.

A asibiti likitar ta ce ƙodojinsa sun tsaya. Ta tambayi me yake sha. Maman Biyu ta zazzage jakarta a kan tebur, ƙullin shayi da fallayen ƙwayoyi, yawanci an ɓare. Likitar ta ɗauki ɗaya ta juya.

"Wa ya rubuta masa wannan?"

"Abokinsa ne."

"Likita ne?"

"Motoci yake sayarwa."

Likitar ta dube mu ta saman gilashinta. Aka fara masa wankin ƙoda. Ruwan da ya yi wata da watanni yana kora duk ya dawo ya taru. Ƙafafunsa suka kumbura suna ƙyalli, idan ka danna yatsa sai ramin ya zauna. Fuska ta cika, idanu suka shige. Ya koma ƙato fiye da da.

Ciyaman bai zo ba sai da aka kwana biyu, shi da wasu mutum biyu. Ya tsaya daga ƙafar gado, hankici a hanci kamar mai mura. Ɗaya daga cikinsu ya sunkuya ya haɗa kai da mara lafiya, ya ɗaga yatsu biyu, ya ɗauki hoto.

Maman Biyu ba mai yawan magana ba ce, amma ta miƙe. "Alhaji, likita ta ce ƙwayar nan da ka ba shi ce."

"Ni? Haba Madam, a daina wannan maganar. Shawara na bayar, ɗura na yi masa? Duk muna sha, ga mu nan garau. Shi ne ya yi zalama." Ya juya ga gado. "Tanka, ka ba mu tsoro fa. Ka san an ɗaga tseren saboda ruwan sama? Rabonka ne. Amma kada a bar motar nan a zaune, inji ba ya son zama. In ba ka tashi ba, sai mu sa wani ya ɗana ta."

Na zuba ido in ga ya kore su. Sai na ga yana murmushi, leɓɓansa da suka tsage suna fitar da jini.

"A duba iskar taya," ya ce da ƙyar. "Ta hagu tana sauka."

Na fita baranda na tofar da yawu.

Washegari na kai wa Maman Biyu ruwan zafi da kayan sawa. Ta shiga wanka, aka bar ni da shi. Ya yi min alama da yatsa in matso. Na matso, ina shaƙar numfashi ta baki.

"Malama, an ce ke kika ja ta."

"Ni ce."

"Ya kika ji ta?"

Da ba a kwance yake ba, Allah kaɗai ya san abin da zan gaya masa. Ga matarsa cinya duk ta yi baƙi da bugun ƙarfe, ga yara a gidana suna tambayar yaushe Baba zai dawo.

"Ta maƙale a tudun bakin layi," na ce.

Ya runtse ido kamar an soka masa allura. "Ƙasan injin ya bugu?"

"Ban duba ba."

Ya buɗe ido, na'urar da ke gefensa tana ƙiftawa. "A titi fa?"

Na dubi hannunsa da ya kumbura har zoben azurfarsa ya nutse a cikin nama.

"Tana gudu," na ce.

"Kin sa giya ta huɗu?"

"A ta uku na tsaya."

"Kash," ya ce. "A ta huɗu take magana."

Da matarsa ta fito, ya bi ta da ido har ta zauna. Ya ce, "Maman Biyu, yunwa nake ji." Ta tsaya da tawul a hannu kamar ba ta gane yaren ba. Sai ta yi sauri ta buɗe kwano, ta tallafo kansa ta fara ba shi a cokali. Ya karɓi na farko, ya karɓi na biyu, yana lumshe ido.

"Da daɗi," ya ce.

Na uku bai wuce ba, duk ya dawo a kan ƙirjinsa. Ta goge da tawul ɗin, ta goge masa baki, ta ce, "Ba komai, anjima ka ƙara."

Bai ƙara ba. Kashegari da hantsi, yara suna makaranta, zuciyarsa ta tsaya.

Ana cikin zaman gaisuwa 'yan ƙungiya suka iso a jere, tun daga bakin layi muke jin rurin motocinsu. Duk sun sa riga iri ɗaya, da hoton fuskarsa a ƙirji, tsohuwar fuskar mai kumatu, an rubuta a ƙasa, Tanka Har Abada. Daga baya na ji a shagonsa suka sa yaran aikinsa suka buga. Suka yi gaisuwa a tsaitsaye, sai Ciyaman ya nemi ganin Madam.

"Mun shirya tsere na musamman don tunawa da shi," ya ce, ya sassauta murya. "Motarsa ce za ta buɗe fili. Na yi magana da yayansa, ya amince. Abin da marigayi zai so ke nan."

Motar tana nan inda na ajiye ta da na dawo da ita daga asibiti, a rufe, rana tana dukanta. Ba wanda ya sami zuciyar buɗe ta.

Maman Biyu ta tashi ta shiga ciki. Ta fito da bokiti da tsumma da garin sabulu, ta ajiye a gaban takalmansa masu ƙyalli.

"Ku ɗauka," ta ce. "Amma ka wanke ta tukuna. Da hannunka."

Ya yi 'yar dariya ya waiga ga mutanensa. "Wanki kawai? Ai abu ne mai sauƙi." Ya taka ya ja ƙofar.

Ƙudaje ne suka fara fitowa, korra-korra, manya. Sai warin ya biyo baya ya cika tsakar gidan, har matan da ke zaune a kan tabarma suka ja mayafi suka rufe fuska. Ciyaman ya ja baya, ya dafe bango, ya yi kakari sau biyu. Tabaransa ya faɗi ƙasa. Ya ɗauka, ya ce da mutanensa, "Mu je, za a turo yara." Bokitin yana nan bai taɓa ba.

Bayan kwana biyu aka turo motar ja da wani mai wankin mota. Suka ɗaure ta suka tafi da ita. Mayafin Maman Biyu yana ciki, ba ta ce a ciro ba.

Mijina ne ya nuna min hoton bidiyon a waya. Sun ba wani yaro siriri kamar sandar rake ya ja ta, ta zo ta ɗaya. Suna ta tsalle da rigunansu suna buga rufin motar, ana jin muryar Ciyaman a sama da ta kowa.

"Ba na faɗa ba? Ba na faɗa muku ba? Motar nan ba ta taɓa samun matsala ba!"

Na miƙa masa wayarsa na ce kada ya kuskura Maman Biyu ta gani. Ya ce ai sun riga sun tura mata.

Da baƙi suka watse ta fito da kayansa za ta wanke a bayar. Na ɗauko kujera na zauna ina taya ta ɗauraya. Ta shanya wandunansa a igiya yadda suka zo hannunta daga akwati, na da can a farko, manya kamar buhuna, sai waɗanda tela ya rage wa ƙugu, sai na ƙarshe da ya saya, ƙanana, wani ko takardar jikinsa ba a cire ba.

Muka zauna a inuwa muna jiran su bushe. Iska ta taso daga bakin ƙofa ta shiga babban wandon farko, ta cika shi taf, ƙafafun suka miƙe suna motsi. Maman Biyu ta tsaya da matse tsumman da ke hannunta tana kallo. Can iskar ta wuce, wandon ya saki, ruwa ya ci gaba da ɗiga daga bakin ƙafarsa.